Duna ba kanumfari yake bi ba, kai yake karantawa

Sabi'u, ɗana, tambayar da ka yi mini ranar Asabar muna kwashe gwangwanaye a filin horar da karnuka ba ta amsuwa a tsaye, shi ya sa na ce ka bari sai na zauna. Cewa ka yi: "Oga, idan ni na ɓoye audugar kanumfari, Duna ba ya kuskure, sau goma ya samu goma. Amma da kai ka ɓoye ban gani ba, sai ya riƙa zama gaban gwangwanin da babu komai. Ko hancinsa ne ya samu matsala?"

Hancinsa lafiya lau yake, ka cire wannan daga ranka. Kare irin Duna, jinsin Jamus ɗin nan da muke kira Alseshiyan, yana da ƙwayoyin jin ƙamshi sama da miliyan 200 a cikin hancinsa, mu kuwa namu ba su wuce miliyan 6 ba. Idan ya duƙufa yana shinshina, yakan shaƙi iska kamar sau biyar a daƙiƙa guda, kuma tsagar nan da ke gefen hancinsa ta nan yake fitar da numfashi, don kada ya hure ƙamshin da ke gabansa. Kanumfarin da ko kai kana jin sa daga bakin rumfar masu kayan yaji a Mile 12 ba zai gagari wannan hanci ba. Abin da ya faru shi ne Duna ya gano hanyar da ta fi sauƙi zuwa ga ƙwallon da ake ba shi lada, kuma hanyar nan kai ne.

Na fi wata guda ina kallon ku. Idan ka san gwangwanin da abin yake, kana kusantarsa takunka yake gajarcewa. Igiyar da ka sake sai ta ɗan ɗame. Kafaɗarka ta juya wajen gwangwanin, ka riƙe numfashi, hannunka na dama ya fara gangarawa aljihun da ƙwallo yake. Duk wannan ba ya kai daƙiƙa biyu, kuma na san ba da saninka kake yi ba. Hausawa suka ce labarin zuciya a tambayi fuska, to kare ya riga mu sanin wannan, shi har ƙafa da kafaɗa yake tambaya. Ranar Asabar ba ka san inda na sa audugar ba, amma ka hango ni na daɗe tsaye wajen gwangwani na huɗu, zuciyarka ta ce nan ne. Da kuka iso na huɗu ka rage tafiya, Duna ya ɗaga ido ya dube ka, ya zauna. Audugar tana cikin na biyu, kuma ya ɗan juya kai da kuka wuce ta, kai ne ka ja shi gaba.

Wannan ciwo ya girme mu duka. A Balin ta ƙasar Jamus, farkon shekarun 1900, an yi wani doki mai suna Hans da aka ce ya iya lissafi. A ba shi tambaya, ya buga kofato a ƙasa har adadin amsar. Mai shi, Wilhelm von Osten, ba ɗan damfara ba ne, shi kansa ya yarda dokinsa ya iya. Sai wani mai bincike, Oskar Pfungst, ya bi abin a hankali, ya fitar da sakamakonsa a 1907: idan mai tambaya bai san amsar ba, ko aka tare wa dokin ganinsa, Hans ba ya ci. Ashe jikin mai tambaya yake kallo, da ya kai adadin sai mutumin ya ɗan saki jiki ko ya motsa kai, dokin ya tsaya.

Kada ka ce wannan labarin doki ne na zamanin da. A 2011 aka buga wani bincike da Lisa Lit da abokan aikinta suka yi a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, a Amurka. Sun tara ƙwararrun karnuka 18 masu neman ƙwaya da abubuwan fashewa, kowanne da mai riƙe da shi, suka kai su bincike cikin wani coci. Aka gaya wa masu karnukan cewa akwai abin nema, har aka ce jar takarda da aka manna a wasu wurare alama ce ta inda yake. Alhali babu ƙwaya babu albarushi a ginin gaba ɗaya. Duk da haka an ƙirga nuni na ƙarya sama da 200, kuma sun fi yawa a inda jar takardar take. Waɗannan mutane ne da suka shekara suna aikin, da takardun shaidarsu. Saboda haka ba kai kaɗai ba ne, kuma ba abin kunya ba ne a wata na uku. Abin kunya shi ne a gane a ƙi gyarawa.

Dalilin da ya sa nake matsa muku a kan wannan fiye da komai, zan gaya maka. Shekarun da na fara aiki da wani kamfanin tsaro a wajen Apapa, an kira mu wani sito mu duba kayan da za a loda. Tun kafin mu shiga wani ya raɗa mini cewa ana zargin kayan wani dattijo. Na shiga da wannan magana a kaina. Karyata ta bi layi biyu ba ta nuna komai ba, muna isa kan buhunansa ta zauna. Aka sauke kayan bawan Allah nan gaba ɗaya, aka farke buhu bayan buhu tun hantsi har la'asar, mutane sun kewaye shi suna kallo. Ba a samu komai ba. Ya tattara abin da ya zube a ƙasa bai ce da ni uffan ba. Motarsa ta tafi ta bar shi, kuma na san akwai waɗanda har suka bar wurin ba su daina zarginsa ba. Karyar ba ta yi laifi ba, abin da na koya mata ta yi. Har yau idan na ga ɗalibi yana rage tafiya gaban gwangwani, fuskar dattijon nan nake gani. Wata rana kai ma za ka iya samun kanka a bakin kwantena a tashar jiragen ruwa ta Tin Can, ko wajen jakunkunan matafiya a filin jirgin Murtala Muhammed, kuma zaman kare ɗaya zai iya zubar da mutuncin mutum. Ɗaya ɓarin kuma ya fi muni: karen da ya saba jiran alamarka zai wuce abu na gaskiya idan kai ba ka zargi wurin ba.

Ka tuna mafarautan garinku. Ba su taɓa shiga aji ba, amma karnukansu ba sa wannan ƙarya. Maharbi bai san inda zomo ya kwanta ba, don haka ba shi da abin da zai nuna wa kare da jikinsa. Dole kare ya dogara da hancinsa, shi kuma ya bi bayansa ya zuba ido. Abin da za mu mayar da kai ke nan.

Daga yanzu ba za ka ƙara ɓoye wa Duna komai da hannunka ba. Gwangwani shida za mu jera, a rubuta lamba ɗaya zuwa shida a 'yan takardu, da takarda ta bakwai da ba komai a jikinta, a zuba a hula. Wani daga cikin 'yan ajin ya zaro ɗaya kai kana bayan katanga. Lambar da ta fito nan zai sa audugar. Idan farar takarda ta fito, ba za a sa komai ba, za ku bi layin duka ku fito, kuma idan Duna bai zauna ko'ina ba ka yabe shi sosai, don ya san cewa "babu" ma amsa ce. Wanda ya ɓoye ɗin kada ya tsaya inda kai ko karen za ku gan shi, domin jikinsa ma yana magana, kamar yadda nawa ya yi maka ranar Asabar. Idan Duna ya zauna, ka ɗaga hannu ka faɗi lambar, a amsa maka daga nesa. In an ce daidai ne, ƙwallo ya faɗo nan take a bakin gwangwanin, ba a wajen ƙafarka ba, domin ladan ya fito daga inda ƙamshin yake. In an ce ba daidai ba, ba duka, ba tsawa, ku wuce kawai. Ƙwallon ma ka mayar da shi aljihun baya. Taku ɗaya daga farkon layi zuwa ƙarshensa, igiya a sake, ka bi shi ta gefe kana ɗan baya. Ka ba wani wayarka ya ɗauke ku bidiyo, da dare ka kalli ƙafafunka, ba karen ba.

Sati biyu na farko za ka ji haushi. Zai zauna ya kafe ka da ido yana jiran ka gaya masa, zai gwada gwangwani biyu uku. Ka daure ka zama kamar icce. Goma bisa goman nan za ta faɗi, wataƙila zuwa rabi, kuma ina so ka rubuta kowane zagaye a littafinka yadda ya faru: rana, lokaci, inda iska take kaɗawa, ya samu, ya wuce, ko ya yi nunin ƙarya. Wannan rabin shi ne ainihin inda karenka yake, daga nan za mu fara gini.

Akwai wani abu kuma da na lura. Kana ɗaukar audugar da yatsunka. Duk abin da ka taɓa ka bar masa warin hannunka, don haka ko ba ka motsa kafaɗa ba Duna zai iya bin warin Sabi'u maimakon kanumfari. Na taɓa ganin karen da aka yi wata biyu ana horarwa, ashe salatif ɗin da ake manne abin da shi ya haddace. Auduga tana zama a kwalbar gilashi mai murfi, da hantsaki ake ɗauko ta, da safar hannu sabuwa. Gwangwanin da ya taɓa ɗaukar kanumfari a yi masa alama a ƙasa, kada ya sake shiga cikin na banza, ko wurin ajiya kada a haɗa su. Sauran gwangwanayen kuma a sa musu auduga mara komai, da guntun salatif, wani a taɓa shi da hannu. Can gaba za mu sa kilishi da daddawa a wasu, ya koyi wuce su. Da irin wannan tsafta aka ga abin da hancin kare zai iya: a 2018 masu bincike daga Jami'ar Durham ta Ingila sun bayyana cewa karnuka sun shinshina safar da yara 'yan makaranta a Gambiya suka kwana da ita, suka gane kusan kashi 70 cikin 100 na masu ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro.

Idan ka daina yi masa magana da jikinka, idonka zai samu sarari ya ga abin da shi yake gaya maka, kuma wannan ne rabin sana'ar. Zama shi ne ƙarshen magana. Kafin nan kai yake fizgewa baya kamar an kira shi, baki ya rufe, numfashi ya koma gajere da sauri har kana jin sa, wutsiya ta canza kaɗawa. Kowane kare da irin nasa. Duna kunnensa na hagu yake fara karkatawa, ka duba bidiyon za ka gani. Ka kuma kula da iska: a sito mai fanka ko ɗaki mai na'urar sanyi ƙamshi yakan taru a kusurwa nesa da inda abin yake, sai ka bar shi ya bi shi har tushe.

Zafin Legas kuma kada ka raina shi. Kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake huce jiki, kuma bakin da ke buɗe yana haki ba ya barin hanci ya yi aiki sosai. Karen da ya gaji shi ne ya fi saurin komawa kallon fuskar mai shi. Minti 20 ya isa, sai inuwa da ruwa. Ka kuma duba kunnuwan Duna da tsakanin yatsunsa, na ga kaska biyu a wuyansa, zazzaɓinta kuwa yana kwantar da kare warwas.

Ranar Asabar mai zuwa ka taso daga Agege da an sallame asuba, kafin hanya ta cushe, mu fara ƙarfe shida da rabi. Ka zo da gwangwani shida sababbi, ka wanke su da ruwan zafi kawai, ban da sabulu mai ƙamshi, ka huda murafunsu. Kwalbar kanumfarin ka bar ta a wurina. Chinedu ɗan ajinku ne zai zaro takarda, ni kuma zan koma bayan mota inda ba za ku gan ni ba.