Tambaya da Amsa: Sabon Dattijo da Tsofaffin Takardun Coci

Tambaya: Gaisuwa cikin sunan Yesu. An zaɓe ni cikin majalisar dattawan cocinmu, sashen Hausa, a Agege, kuma ni ne ƙaraminsu. Duk shawarar da muka kawo sai manya su ce an taɓa gwadawa. Matasa kuwa cewa suke a bar tuna bara, ai Bulus ma ya ce yana mantawa da abin da ke baya. Shin dole ne shugaba ya tsaya tonon tarihi? In dole ne, ta ina zan fara?

Amsa: Salama, ɗan'uwa. Matasanku sun ɗauko ayar daga tsakiya. A Filibiyawa 3, abin da Bulus ya jefar baya shi ne taƙamarsa da asali da matsayi. Shi ɗin ne kuma ya ce a 1 Korintiyawa 10:11 abin da ya sami Isra'ila a jeji an rubuta shi ne domin gargaɗinmu.

Ka zauna da 1 Sarakuna 12 kafin taronku na gaba. An saba cewa laifin Sarki Rehobowam, ɗan Sulemanu, ƙin jin maganar dattawa ne. Gaskiya ne, amma da saura. Jama'ar da suka zo Shekem suna roƙon sassauci ba da ka suka zo ba. Sulemanu ya ɗebi mutum 30,000 aikin tilas, 10,000 kowane wata suna zuwa Lebanon. Yerobowam da ke gaban masu kuka, shi ne dā mai lura da aikin gandun gidan Yusufu, ya taɓa yi wa Sulemanu tawaye har ya gudu Masar. Duk wannan a gidan uban Rehobowam aka yi shi. Kwana uku ya ɗauka yana shawara, amma bai tambayi inda ciwon ya samo asali ba. Da abin ya ɓaci, wa ya aika? Shugaban aikin tilas ɗin da kansa, aka jefe shi har lahira. Kabilu goma suka tafi.

Ka gwada da Irmiya 26. Ana shirin kashe annabin don ya yi annabcin rushewar Urushalima, sai wasu dattawa suka miƙe suka tuna cewa Mika ya yi irin wannan annabci a zamanin Hezekiya, sarki bai kashe shi ba, ya nemi jinƙan Ubangiji, aka tsira. Sun faɗi suna, sun faɗi zamani, sun faɗi sakamako. Wannan ne bambancin tarihi da "an taɓa gwadawa". In wani Baba ya sake faɗa maka haka, ka rusuna ka tambaya: Baba, a wace shekara, wa ya jagoranta, me ya hana shi tafiya? Sau da yawa za ka tarar kuɗi ne suka gaza a lokacin, ko wanda aka ɗora wa aikin aka yi masa canjin wurin aiki daga bariki, ba shawarar ce ta lalace ba.

Ga inda za ka fara. Ka roƙi sakatare littattafan rahoton taro na shekara goma da suka wuce, ka karanta da biro a hannu, kana fitar da abu uku: shawarar da aka yanke, dalilinta, da abin da ya biyo baya. Na ukun ne ba a cika rubutawa ba, sai ka bi bakin mutane. Daga nan rahoton ma'aji, wata-wata, domin ka ga lokacin da baiko ke sauka. A sashen Hausa na Legas akan ji shi a Disamba da farkon damina, sa'ad da mutane ke tafiya gida, kuma wanda bai san haka ba sai ya sa harsashin gini a watan da asusu ya bushe. Sai takardun fili: rasit, taswirar safiyo, takardar mallaka, da sunan wanda aka saya da shi. A garin nan filin da aka rubuta da sunan dattijo guda maimakon amintattun coci, ranar da ya rasu magada da masu cewa ƙasar kakanninsu ce za su iso tare. A ɗauki hoton kowace takarda, a ajiye a wuri biyu, don ruwan Legas ba ya tausayin kwali.

Sa'an nan ka ziyarci tsofaffi ɗaya-ɗaya a gida, ba a taro ba. Kada ka tsallake iyayenmu na zumuntar mata. Abin da aka share daga rahoto yana wurinsu.

Shi kansa garin da kake zaune makaranta ne. A 1888 Baptis na Legas suka rabu bayan mishan ya sallami fasto Moses Ladejo Stone. A 1901 ɗaruruwa suka fice daga cocin Anglican na St. Paul's Breadfruit a Legas kan yadda aka raba su da fastonsu James Johnson, suka kafa African Church. Shekara 13 tsakani, ɗarika daban, cuta ɗaya: an taɓa makiyayi ba a saurari tumaki ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, amma sai in wanen ya duba.

Hattara da abu guda. Za ka ci karo da tsohuwar rigima, wataƙila har da sunan wanda ke zaune kusa da kai a majalisa. Ba don ka riƙe makami ka karanta ba. Ka fitar da darasin ka kawo shi a matsayin ƙa'ida, misali mutum biyu su ƙirga baiko, uku su sa hannu a banki, sunan kuwa ka bar shi cikin littafin. In abin ya shafi kuɗin da har yau ba a warware ba, fasto za ka fara samu a keɓe, kafin maganar ta shiga ajandar taro.