Gawayin filta ba ya wankuwa

To ɗana na ji tambayarka, ka ce filtar da muka ɗaura a ɗakin feshin fenti ta fara sakin warin tina, ruwan nan da ake tsinka fenti da shi, kuma da ka buɗe ka ga gawayin baƙi wuluk kamar ranar da muka zuba shi, wai ko ka wanke ka shanya a rana ka mayar. A'a, kar ka soma.

Wannan ba gawayin girki ba ne fa. Daga ɓawon kwakwa ko kwal ko itace ake yinsa, sai a bi shi da tururi mai zafin digiri 800 zuwa 1000 a ma'aunin Salsiyas har jikinsa ya zama duk ramuka ƴan mitsi-mitsi da ido ba ya gani, giram ɗaya tal in da za a shimfiɗa cikinsa sai ya kai murabba'in mita 1000. Su tolwin da benzin, sinadaran nan masu wari da ke tashi daga fenti, ba tace su yake kamar rariya ba, mannewa suke a bangon ramukan nan, ramuka na cika shikenan warin sai ya wuce abinsa, kuma launi ba zai taɓa gaya maka ya cika ba. In ka zuba ruwa ba abin da zai fita, ruwan ne ma zai shige ya zauna a ɗan gurbin da ya rage. Farfaɗo da shi aikin masana'anta ne da tururi ko wuta mai tsanani, mu namu canjawa ne.

Abin da nake so ka duba shi ne me ya sa ya cika da wuri. Danshin iska in ya haura kashi 50 gawayi rage ja yake, zafi ma haka, sannan in filtar ƙura ta gaba ta yage ƙurar fenti ce za ta toshe bakin ramukan. Ga fanka, ku yara kuna son ta da ƙarfi, alhali iska in tana gudu ba ta samun zaman da zai kama komai.

Af, ka tambayi masu feshin ko suna aiki da asiton ko MEK, wato wasu sinadaran narkar da fenti, irin waɗannan kan sa gawayi ya yi zafi har ya kama da wuta, musamman in an kashe fanka yana cike. Kuma kar wani ya ce maka yana tare kabon monoksaid, iskar nan mai guba da ke fita daga ƙonuwa, ba ya tarewa.

Gobe ka taho da sikeli, mu auna sabon tiren gawayin kafin a ɗaura mu rubuta nauyin da kwanan wata a jikinsa, nauyin da ya ƙara shi zai riƙa nuna mana inda aka kwana.