Ga mai neman tarihin matan talabijin a Sakkwato

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ce kina son tattara tarihin matan da suka yi aikin talabijin a nan Sakkwato, don ra'ayin kanki ba makaranta ta sa ki ba, amma kin rasa ta inda za ki kama. Na taɓa shiga wannan dajin, bari in rage miki hanya.

Kada ki ɗora burinki a kan kaset. Ni da shi na fara, na yi wata biyu ina sintiri wata tasha kafin a buɗe min ɗakin ajiya. Tsofaffin kasakasan bidiyo irin na U-matic ne jibge, ƙura da zafin garin nan sun gama da su, na'urar kunna su ma ta daɗe da mutuwa. Wani tsohon mai ɗaukar hoto ya ce min a zamaninsu kaset tsada gare shi, da shiri ya fita sai a goge a ɗora wani a kai.

Ki fara riƙe asalin abin. A Najeriya talabijin ta soma a Ibadan a 1959, kuma mace ce, Anike Agbaje-Williams, fuskar farko da aka gani a tashar, wato WNTV. Arewa sai 1962 a Kaduna, sannan NTA ta haɗe tashoshi a 1977. Don haka takardun farko sai kin taka Kaduna, Arewa House da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa. Ki nemi tsofaffin jaridun New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo, ki bi shafi-shafi, har da tallan neman ma'aikata. A gida kuma ki leƙa cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu.

Amma gaskiya abin da na samu mai nauyi a bakin matan kansu na same shi. Wata Hajiya a Mabera, sai zuwana na uku ta saki jiki, shi ma don na je da ƙawar 'yarta. Ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ta fito da hoto baƙi da fari: ga ta gaban kyamara, mayafi har kafaɗa, fitilu sun sa ta gumi. Mahaifinta bai yarda ba sai da ƙanensa ya sa baki. Daga hoton nan kaɗai ta ba ni sunan mata biyar, biyu ba su taɓa fitowa a allo ba, masu haɗa shiri ne.

Ki kula da sunaye. Mace ɗaya za ki same ta da sunan uba a takardar ɗaukar aiki, da na miji a ta fansho, 'yan kallo kuma da sunan shirinta suka san ta. Har sau biyu na ƙirga mutum ɗaya.

Kafin ki kunna wayar ɗaukar murya ki nemi izini, wasu sai maigida ya sani. Kuma kada ki bari sai bayan Sallah, biyu daga cikin waɗanda na zauna da su sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙan su.