Ɗana ya bugu a ka wajen cafe ƙwallo, babansa ya ce ba komai

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. A Houston muke zaune. Ɗana mai shekara 16 yana buga ƙwallon Amurka a makarantarsu, shi ne mai rugawa ta gefe ya cafe jifa. Ranar Juma'a wani ya bangaje shi yana sama, ya faɗo ta ƙeya, amma ya miƙe ya ƙarasa wasan. Yau kwana uku kansa na ciwo, ko haske ba ya so. Babansa ya ce tunda bai suma ba, kuma hular kwanonsa mai tsada ce, ba komai. Ni dai hankalina ya ƙi kwanciya.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kai shi wurin likita yau, kar ki jira gobe. In kuwa ya fara amai a kai a kai, ko harshensa ya harɗe, ko ya yi barcin da tashinsa ke wuya, to sashen gaggawa kai tsaye.

Maganar Alhaji kuma, da girmamawa, na ji ta har ta ishe ni. Hular kwano ƙoƙon kai take karewa kada ya fashe. Ƙwaƙwalwa kuwa a cikin ruwa take lilo. Ki ɗauki goran nono ki naɗe shi da tsumma goma, ki jijjiga: goran ba zai tsage ba, amma nonon sai ya kaɗu. Kai yana tafe da gudu ya tsaya cak, ƙwaƙwalwa ta daki ƙashi daga ciki, komai tsadar hular. Suma ma ba ita ce ma'auni ba, domin mafi yawan waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta girgiza ba sa suma. Hatta hoton kai yakan fito lafiya lau alhali ciwon na nan.

Matsayin da yaronki ke bugawa yana da nasa haɗarin. Idonsa na kan ƙwallo, hannuwansa a sama, mai tsaron baya ya taho masa ta inda ba ya gani. Shi ya sa NFL, babbar gasar ƙwararrun 'yan ƙwallon Amurka, ta haramta dukan mai cafe ƙwallo a ka ko a wuya yayin da ba shi da halin kare kansa.

Chris Henry, mai cafe ƙwallo irin yaronki a ƙungiyar Cincinnati Bengals ta NFL, ya rasu a Disamba 2009 yana da shekara 26, bayan ya faɗo daga bayan mota. Da aka duba ƙwaƙwalwarsa sai ga CTE, lalacewar da yawan buguwa ke haifarwa, alhali ba a taɓa rubuta masa girgizar ƙwaƙwalwa a wasa ba. Vincent Jackson, wani mai cafe ƙwallon, ya yi kakar wasa 12 tsakanin ƙungiyoyin Chargers da Buccaneers, ya rasu a 2021 yana da shekara 38, shi ma aka same shi da ita a mataki na 2. A 2017 masana a Jami'ar Boston sun duba ƙwaƙwalwar tsoffin 'yan NFL 111, suka ga cutar a 110. Kar wannan adadin ya firgita ki: iyalan da tuni suka ga alamu ne akasari suka ba da ƙwaƙwalwar.

Kuma ki yi hattara da 'yan damfarar intanet masu tallar ƙwayoyin "wanke ƙwaƙwalwa" ko gwajin CTE. Har yanzu sai bayan mutuwa ake tabbatar da ita. Duk wanda ya ce zai gano ta a jikin rayayyen yaro, aljihunki yake hange.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne buguwa ta biyu kafin ta farko ta warke, wadda kan kumbura ƙwaƙwalwar matashi cikin mintuna. Tun 2011 dokar Texas, jihar da Houston take, ta ce ɗalibin makarantar gwamnati da ake zargin ya sami girgizar ƙwaƙwalwa ba zai koma fili ba sai da rubutaccen izinin likita. Yaron zai yi rantsuwa ya warke don kar a ba wani gurbinsa, duk haka suke yi. Ki sanar da kocinsa yau, ki rage masa waya na kwana biyu, hular kuma ki kulle ta a ɗakinki har takardar likita ta fito.