Amsa ga mai son sayen sabon jirgi mai inji saboda iyali

Wa alaikumus salam Malam, barka da warhaka. Tun shekaranjiya na ga tambayarka, zama ne ban samu ba sai yau. Kace kana nan Garwa ta Kamaru, ka ɗan tara abin da Allah ya hore kana son sayen sabon ƙaramin jirgin ruwa mai inji saboda iyali, ranar hutu a fita kogin Binuwai, wani lokaci kuma a leƙa tafkin Lagdo wajen dangin maiɗakinka, kana tambaya na katako ko na fiba, wato fiberglass mai kama da roba mai tauri, inji mai doki 15 ko mai 40. Toh ni bana shekarata ta biyar da nawa, kuma wallahi kusan duk abin da na sani a kansa da kuɗina na saye shi, don haka ka yi haƙuri zan ɗan ja zancen.

Kafin maganar katako da fiba akwai tambayar da ni ba wanda ya yi min ita, wa zai riƙe jirgin nan, kuma ina zai kwana? Kar ka ga kamar ƙaramar magana ce. Jirgin masunci kullum yana kan ruwa, kullum ana tada injinsa, shi ya sa za ka ga tsohon inji duk fenti ya goge amma ja ɗaya ya tashi. Na iyali kuwa zama ne aikinsa. Watannin farko kowace Lahadi muna bakin ruwa, yara har ba sa barci daren Asabar, daga nan ɗoki ya fara raguwa, rani ya shigo ruwa ya janye ya bar tsibiran yashi, azumi ya zo, aiki ya yi yawa, sai da na lissafa na ga wata huɗu cur ba wanda ya taɓa shi. Ranar da na tashi nunawa baƙi bajinta, na ja igiya har kafaɗata ta riƙe, inji ko tari bai yi ba, ashe man da na bari a kafireta ya bushe ya zama kamar ƙaro ya toshe ko'ina. Jirgin kuma na katako ne, na sa an jawo shi tudu wai don kar ya ruɓe, ranar Maris da Afrilu ta Garwa kai ma ka santa, ta gasa shi har katakan suka buɗe baki, da muka tura shi ruwa kamar kwando muka tura. Wani dattijo cikin masunta yana gefe yana gyaran komarsa, ko kallona bai yi ba yace Alhaji jirgi ba kujerar falo ba ne. Na ji kunya sosai ranar.

Abin da nake yi yanzu, na je wajen sarkin ruwa na wurin da nake ajiya na gaishe shi yadda ya kamata, ya haɗa ni da wani yaro mai hankali wanda a ruwan aka haife shi. Gangar jirgin tana hannunsa, yana tsallakar da mutane da kayan lambu, yana tuƙi da gwangwala da filafili, ranakun da ba ma buƙata, shi ke kwashe ruwa, shi ke toshe ɓaraka, abin da ya samu nasa ne. Inji kuma gida yake kwana a ɗakin ajiya, a tsaye kan wani katako da na sa kafinta ya yi min, don injin da ya kwana bakin ruwa ba mai gadi sai dai ka ji labarinsa. Duk sati biyu ko ba za mu fita ba sai an tada shi cikin rabin duro da ruwa, in za a kashe a zare bututun mai a bar shi ya shanye na cikin kafireta ya mutu da kansa.

Sai maganar Lagdo, nan ma inaga ba ka yi lissafin ba. Daga Garwa ba za ka hau ruwa ka ɓulla tafkin ba, ai bangon dam ɗin na tsakani tun da aka gama shi a 1982, dole sai ta mota, ka bi hanyar Ngong ka karkata. Wato duk zuwa sai ka nemi babbar mota da majiya ƙarfi su ɗora jirgi su sauke, su sake ɗorawa su sake saukewa, sau ɗaya na gwada ban ƙara ba. Kuma wannan shi ne babban dalilin da zai sa in ce maka ka sayi mai doki 15, wanda 'yan bakin ruwa ke ce wa kenz. Nauyinsa bai kai kilo 40 ba, mutum biyu su ɗaga shi cikin sauƙi, in ka matsa ma kai kaɗai ka rungumo shi. Sai ka sa shi bayan mota da tankinsa, in kun isa Jipporde, tashar masunta ta bakin tafkin Lagdo, jiragen katako ga su nan birjik, surukanka ba za su rasa wanda zai ba ku aron ganga na yini ɗaya ba, ka ɗaura injinka ku shiga. Mai 40 kuwa, karant, ya haura kilo 70, wannan na masu dakon buhunan masara da busasshen kifi ne. Ga shan mai, in ka murɗe shi duka yana shan wajen lita 20 a awa ɗaya, kenz kuma wajen lita 7, in ka tafi a hankali ƙasa da haka sosai. Da can da zuwa-zuwa, wato fetur ɗin galan da ake shigowa da shi daga Najeriya, ke araha ba a damu ba, amma tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023 kowa ya ga yadda galan ya koma. Kai da za ka ɗauki uwargida da yara huɗu ko biyar da kular abinci, gudun me kake nema?

Inji dai ka sayi sabo, a nan kam ina bayanka ɗari bisa ɗari. Okaziyo, wato na hannu, na ruwa ba kamar na mota ba ne da in ta mutu ka tsaya gefen titi ka kira makanike. Nawa Yamaha Enduro ne, ba don talla ba, don shi ne a hannun yawancin masunta, kenan duk inda ka je akwai wanda ya iya buɗe shi kuma kayan gyaransa ba sa wuyar samu. Amma ka buɗe ido, akwai na kwaikwayo masu launi iri ɗaya da sura iri ɗaya, in ka ji farashi ya yi daɗi da yawa ka ja baya. Ka karɓi fakti, wato rasit, mai hatimi, ka duba lambar da ke jikin injin ta yi daidai da ta takarda, ka ɗauki hotonta a waya. Ranar da jandarma suka tsayar da kai a hanya da inji a bayan mota takardar nan ce bakinka.

Wani abu da na yi kuskure, ƙafar inji iri biyu ce, gajera wajen santimita 38, doguwa wajen 51. Ni na ga doguwa na ɗauka ita ce babba ita ce mai kyau, alhali allon bayan jirgina gajere ne, sai farfela ta nutse ƙasa da yawa tana noman yashi duk inda ruwa ya ɗan yi ƙasa, sai da aka ƙara katako aka ɗaga mazauninsa. Ka fara sanin jirgin ka auna bayansa sannan ka sayi inji, ko ka sayi injin ka kai wa mai ƙera jirgin ya gani da idonsa.

Katako ko fiba, a gaskiya ba abin dogon musu ba ne. Fiba ba ta shan ruwa, ba ta da nauyi, tana da kyan gani, mata sun fi son ta don ba ta ɓata zani, amma sai an kawo ta daga nesa, kuɗinta ya ninka, kuma ranar da ta daki dutse ko kututture mai gyaranta ba a kowace unguwa yake ba. Katako kowane kafintan bakin ruwa zai ɗinke maka shi da ƙusa da tsumma da kwalta kafin la'asar. In kana da mai riƙe maka shi cikin ruwa, katako. In a gida za ka ajiye shi ƙarƙashin rumfa kana da abin jansa, fiba. Na katakon ka ce a yi maka mai faɗin ciki, a sa benci masu ƙasa-ƙasa da ƙaramar rumfa, siririn nan na masunta ba na yara ba ne.

Injin nan mai haɗin mai ne, wato fetur ake gauraya da baƙin mai kamar tsofaffin babura. Awa 10 na farko rodaj ne, wato lokacin da sabon inji ke sabawa da aiki, lita 25 na fetur lita 1 na mai, kuma ba a murɗe shi duka, haƙuri ake. Bayan nan lita 25 rabin lita. Ka duba littafin da ya zo da shi dai ka tabbatar, kar ka jefar da shi kamar yadda muke yi da na waya. Man kuma na injin ruwa ne, za ka ga an rubuta TC-W3 a jikin gwangwanin, ba wanda 'yan kilando, wato 'yan acaɓa, ke zuba wa babur ba. In zuwa-zuwa za ka saya ka bar shi ya kwanta, ka tace da kyalle mai kyau, kar ka juye na ƙasan galan, can ruwa da datti suke taruwa.

In ka tada inji abu na farko da za ka kalla shi ne fitsarinsa, haka ake kiransa, wani ɗan siririn ruwa da yake tsartuwa ta baya. Shi ne shaidar ruwan sanyaya inji yana zagayawa. Akwai wata 'yar roba mai fukafukai a cikin ƙafar ita ke jan ruwan, kuma ba abin da ta tsana kamar yashi da a tada inji a tudu babu ruwa, ko na ɗan lokaci kaɗan ne. Ni wata rana muka hau yashi ƙasa da gada, maimakon in kashe in ɗaga ƙafa mu tura da gwangwala sai na ƙara wuta wai in fizge, muka fita kam, ina ta hira da yara ban waiga ba sai da na ji ƙauri, fitsari ya ɗauke tuntuni. Allah ya taimake ni na kashe da wuri, robar kawai aka canja, amma da filafili muka dawo har bayan magariba, uwargida ba ta ce min uffan ba har gida, wanda ya fi faɗan ciwo. Yanzu duk shekara nake canja ta ko ba ta yi komai ba. Man giya na ƙasan ƙafa shi ma a riƙa dubawa, in ka ga ya yi fari kamar nono to ruwa na shiga, yawanci zaren koma ne ya naɗe bayan farfela ya yanke robar da ke tare ruwan. Cikin jirgi kullum akwai wata 'yar jaka, buji, wato fulogi, guda biyu, sifanarsa, farfela ta safaya da fil ɗinta, igiyar ja, tocila, wuƙa, sai yankakken galan na kwasar ruwa.

Ruwan kansa kuma sai ka koye shi, kuma ba a waya ake koyonsa ba. Binuwai na Janairu daban, na Satumba daban. Daga Agusta zuwa Oktoba in ruwa ya cika, balle in an buɗe dam, ga na kogin Mayo Kebbi ya haɗu da shi, yana tafe da itatuwa da ciyayi da ƙarfin da kenz ɗinka sai ya yi da gaske, wannan lokacin ba na sa yara a ciki ko sun yi kuka. A Lagdo kuma iska ce abin tsoro, musamman farkon damina, da safe ruwa lumui kamar an shimfiɗa tabarma, bayan azahar hadari ya taso daga gabas kafin ka kai gaɓa igiyar ruwa ta fara zubowa ciki. Mu da hantsi muke fita, kafin la'asar muna tudu. Dorina kuwa ba sai na faɗa maka ba, ka tambayi masunta inda suke kwanciya a wannan watan ka yi nesa da wurin, musamman mai ɗa, kar wani yaro yace a matsa a ɗauki hoto ka biye masa. Rigar ruwa, jile ɗin nan, kowa da tasa daidai jikinsa, ta babba in ka sa wa yaro zamewa take ta kai. An yi min dariya da farko wai kamar turawa, har yanzu ma ana yi. Kuma igiyar nan ja da ke jikin makashin inji ka ɗaura ta a hannu, in ka faɗa ruwa inji ya mutu nan take maimakon jirgi ya yi ta zagaye da iyalinka ba matuƙi.

Sai dangi. Wannan ba a rubuta shi cikin littafin inji ba. Ranar da aka ji kana da jirgi ka zama na kowa, kai amarya hayi, zuwa gaisuwar mutuwa, ɗauko buhunan wani kawu, kuma duk wanda ya zo aro da tanki wayam zai dawo maka da shi. Mafi wuya shi ne lodi, kun tashi ku takwas, a bakin ruwa sai ga gwaggo da jikoki uku da tukunya, ka ce a'a a ce ka yi kuɗi ka canja. Ni na huta ne da na sa aka rubuta adadin mutane da fenti a jikin jirgin, kuma na bar maganar a bakin yaron da ke tuƙi, shi yake cewa ya cika, ni sai in ce toh kun ji mai ruwa ya yi magana, sawu biyu za a yi.

In ka samu lokaci ranar Lahadi da safe ka yi min magana ta akwatin sirri in kwatanta maka inda muke ajiya, ka zo da maiɗakin naka da yara ku shiga nawa ku ɗan zaga, ka ja igiyar da hannunka, ka ɗaga injin ka ji nauyinsa. Man dai kai za ka zuba, lita biyar ya ishe mu.