Koriyar rigar rawar Kirsimeti tana zubar da gari a hannuna, in jiƙa ta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ina zaune a Manchester. Watan jiya na sayi wata tsohuwar riga koriya shar a kasuwar kayan tarihi. Mai sayarwar ya ce ta wajen 1860 ce, irin wadda matan masu hannu da shuni ke sawa a rawar ɓad-da-kama ta tara kuɗin taimako lokacin Kirsimeti. 'Yata na son sa ta a bikin makarantarsu. Amma duk sanda na taɓa ta sai koren gari ya maƙale mini a hannu, kuma kwana biyu ke nan yatsuna na ƙaiƙayi. A wani zauren Facebook an ce in jiƙa ta da ruwan khal da lemon tsami, in ta bushe in turara. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Gara da hankalinki bai kwanta ba. Kada ki jiƙa, kada ki turara, kada yarinyar nan ta ko gwada ta. Ki sa safar hannu ta roba da takunkumi, ki naɗe rigar a hankali ba tare da kaɗe ta ba, ki sa a leda mai kauri ki rufe a akwati, nesa da kicin da ɗakin yara.

Maganar mai sayarwa tana iya zama gaskiya. A wancan zamani, daga Kirsimeti zuwa 6 ga Janairu lokacin irin waɗannan raye-raye ne a Ingila, ana sayar da tikiti a ba asibiti ko gidan marayu abin da aka tara. Wata ta yi shigar sarauniyar Faransa, wata ta yi shigar hunturu da auduga a matsayin ƙanƙara. Kayan dare ɗaya ake ɗinkawa, don haka sau da yawa da yadi mai araha ne, wanda ake kira tarlatan, shara-shara kamar gidan sauro, an ƙandarar da shi da sitaci.

To nan matsalar take. Wannan kore mai ɗaukar ido na wancan zamani, a kan irin wannan yadi, ba rini ba ne da ya shiga cikin zare. Garin launi ne na tagulla da gubar arsenik, aka manna da sitaci ko ƙaro. Masanin sinadarai Carl Scheele ya fara haɗa shi a 1775, aka fito da wanda ya fi shi haske a Jamus a 1814. A Nuwamban 1861 wata yarinya 'yar shekara 19, Matilda Scheurer, mai aikin barbaɗa wannan gari a furannin ado a Landan, ta mutu da gubarsa. A 1862 masanin sinadarai Hofmann ya bayyana cewa rigar rawa mai yadi 20 tana iya ɗauke da arsenik da ya kai kusan giram 58, alhali abin da bai kai giram ɗaya ba ya isa ya kashe babban mutum.

Abin da nake fama da shi kullum a aikin adana tsofaffin tufafi shi ne masu cewa ai shekara ɗari da sittin ta wuce, gubar ta mutu. Wallahi wannan magana tana ƙona mini rai. Arsenik ba ƙwayar cuta ba ce da za ta mutu, kuma ba maganin asibiti ba ne da wa'adinsa ke ƙarewa. Yana nan yadda aka zuba shi. Abin da ya tsufa shi ne sitacin da ke riƙe da shi, shi ya sa yau ya fi zuba fiye da daren da aka yi rawa da rigar. Masu ba da shawarar ruwan khal ba su san cewa tsami narkar da wannan gari yake yi ba. Kin ga ke nan kin kwaso guba daga jikin yadi kin zuba a baho, kin tsoma hannunki mai ƙaiƙayi a ciki, gobe kuma a wanke kayan yara a bahon. Mutum bai taɓa riƙe rigar da ta girmi kakarsa ba, amma ya zauna da waya yana rubuta wa uwa abin da za ta yi da lafiyar 'yarta. In an yi asara ba za a gan shi ba. Shanya a rana ma ba ta cire komai, iska ce kawai za ta raba garin a tsakar gida. Guga kuwa ki manta da ita.

Turaren wuta kuma wani haɗarin ne daban. Tarlatan mai sitaci kamawa yake kamar busasshiyar ciyawa. A 1871 wasu 'yan mata biyu 'yan'uwan juna sun mutu a Ireland bayan rigar ɗaya ta kama wuta a wajen rawa, ɗayar ta je ceto tata ma ta kama. Kasko da garwashi ba su da wuri kusa da wannan riga.

Ba kowane kore ke da arsenik ba, kuma ido ba ya tantancewa. Ki tuntuɓi ƙwararren mai adana tufafi ta hanyar gidan tarihi mafi kusa, ya auna ta da na'urar XRF, wadda ke nuna arsenik cikin mintuna ba tare da an yanki yadin ba. In ta tabbata, kada ki jefa a kwandon shara, ki kira hukumar unguwarku ki tambayi inda ake karɓar shara mai guba. Wurin da kika ajiye ta ki goge da jiƙaƙƙen tsumma ki haɗa shi cikin ledar, ban da shara da tsintsiya.

Batun yatsunki, ki wanke da sabulu sosai har ƙarƙashin farce, ki kira 111, lambar neman shawarar lafiya a Ingila, yau, ki faɗa musu ƙarara kina zargin arsenik daga tsohon launi. In akwai amai, zawo ko ciwon ciki a gare ki ko yarinyar, ku tafi asibiti kai tsaye. In za a gwada fitsari, ki gaya wa likita ko kun ci kifi ko jatan lande a kwanakin nan, domin suna ɗaga sakamakon.