Fasinja ya sa hannu cewa ba ruwana in ya faɗo, sai na yi inshora kuma?

TAMBAYA: Assalamu alaikum yallaɓai. Ni ɗan Kaltungo ne a jihar Gombe, na koyi tashi da lema wato faragilaidin lokacin ina karatu a Turkiyya, har na samu shaidar goya fasinja. Na dawo da lemar goyo ɗaya, ina so in fara ɗaukan mutane a tsaunukan Tula, in kuma koya wa samari. Duk kamfanin inshorar da na je sun ce ba sa yi. Wani ejan ya ce in kawo dubu arba'in zai min takarda wai ta rufe komai, abokina kuma ya ce asarar kuɗi ne, kawai in buga takarda kowa ya sa hannu cewa da yardarsa ya hau. Wallahi abin ya hana ni barci, in ɗan mutane ya karye a hannuna ina zan sa kaina?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Wannan tsoron da kake ji shi ne daidai, kar ka bari kowa ya cire maka shi.

Kamfanonin da suka ƙi ba ƙiyayya ba ce. Folisin ɗaukar alhaki na yau da kullum, wato takardar inshorar da ke biyan wanda ka jawo wa asara, irin wanda otel ko wurin wasan yara ke yi, kusan duk za ka tarar an cire abin da ya shafi tashi sama, kuma su kansu masu sake yi wa kamfanin inshora ba su yarje masa ya ɗauka ba. Ga masu sana'ar 'yan kaɗan ne, in mutum ɗaya ya samu karayar ƙashin baya kuɗin jinyarsa ya cinye abin da aka tara shekara da shekaru. Ko a Amurka haka ta faru, a 2015 masu yi wa ƙungiyar matuƙa lema ta USHPA inshora suka ce ba za su sabunta ba, sai da 'yan ƙungiyar suka yi karo-karo na kusan dala miliyan 2 suka kafa nasu kamfanin a 2016, kuma makaranta ba ta samun shiga sai an tantance yadda take koyarwa. Toh in can ma sai da aka yi haka, kai kuma wani zai rufe maka komai da dubu arba'in a kan benci? Ka tambaye shi sunan kamfanin, ka duba ko hukumar kula da inshora ta ƙasa wato NAICOM ta ba su lasisi, ka ce ya nuna maka layin da aka rubuta faragilaidin ƙarara da fasinja da ɗalibi. Ba zai nuna ba. Irinsu ne suka cika tashoshin mota da inshorar mota ta tad-fati ta bogi, sai an yi hatsari direba ya gane takardar banza yake yawo da ita.

Amma maganar abokinka ta fi damuna, don ita nake ji kullum a ofis, daga masu hayar doki ranar sallah, masu wurin ninƙaya, masu kwale-kwale, kowa da takardarsa da aka buga a bizines santa, wai ai ya sa hannu ba ruwana. Dan Allah ku daina yaudarar kanku. Abin da mutum ya yarda da shi shi ne hatsarin da ke cikin wasan kansa, iska ta juya ba zato, saukar ta zo da ƙarfi. Bai yarda ka manta ɗaure masa igiyar cinya ba, bai yarda ka tashi da shi da rana tsaka iska na tumbatsa don kawai ya riga ya biya ba, bai yarda da lemar da ta sha rana ta tsufa ba a kai ta gwaji ba, ko lemar ko-ta-kwana da aka shekara biyu ba a buɗe an sake naɗewa ba. Wannan sakaci ne, kuma lauyan ɗaya ɓangaren nan zai nufa kai tsaye. Dokar kare masu saye ta FCCPA ta 2018 ba ta yarda mai sana'a ya rubuta sharaɗin da zai wanke kansa daga mummunan sakaci ba. A Ingila tun 1977 doka ta ce ba ka isa ka cire alhakin mutuwa ko rauni da sakacinka ya jawo ba, ko shafi nawa aka sa wa hannu.

Sannan wa ya sa hannun? Fasinja. Manomin da ka sauka cikin dawarsa bai sa ba. Bafulatanin da shanunsa suka firgita suka tattake yaro bai sa ba, haka mai gidan da ka yaye wa kwano, haka yaran da za su biyo ka a guje wajen sauka, kuma ka san za su biyo. In kuma Allah ya kiyaye rai ya salwanta, wanda ya sa hannun ba ya nan, matarsa da 'ya'yansa da iyayensa ne za su tsaya a gabanka, kuma a nan ƙasarmu ta arewa maganar diyya za a yi, raƙuma 100 ko dinari 1,000 na zinare, je ka tambayi malami nawa ne a naira yanzu. Kuma takardar da aka rubuta da Turancin lauyoyi aka miƙa wa wanda bai iya karatu ba, yana tsaye a bakin dutse an riga an ɗaure shi, kai in kai ne alƙali za ka kira wannan yarda? Ko da takardar ta yi aiki a ƙarshe, ba ta hana a kai ka ƙara, kuma kuɗin lauya na shekaru daga aljihunka zai fita, alhali folisi na gaskiya har kuɗin kare kai yake biya.

Ban ce ka yar da takardar ba. Lauya ya rubuta ta, a yi ta da Hausa, a karanta wa mutum tun a ƙasa. Masu inshorar ma za su nema.

Hanyar da za ka bi, ka samu dillalin inshora mai rajista wanda ya saba da harkar jiragen sama, yawancinsu Legas ko Abuja suke, shi zai kai maganarka kamfanin gida, in ta kama a nemi amincewar NAICOM a fitar da wani kaso waje, irin kasuwar inshora ta Lloyd's da ke Landan. Yana ɗaukan lokaci, takardu kam sai haƙuri, kuma ba araha. Kafin nan ka rubuta wa hukumar kula da sufurin jiragen sama wato NCAA ka ji matsayinsu a rubuce, don tashi ba izini ƙofa ce ta ƙin biyanka. In zuciyarka ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba ka tuntuɓi masu takaful wato inshorar Musulunci, sai dai su ma sharuɗɗan nan za su duba. Ka faɗi gaskiya a fom, in ka rubuta yawon buɗe ido ka ɓoye cewa sama kake kai mutane, ranar biya folisin ya tashi a banza. Ka tabbata an rubuta abu uku daban-daban, mutanen ƙasa, fasinjan goyo, da ɗalibin da ke tashi shi kaɗai kana masa magana ta rediyo, don wani folisin na farkon kawai yake rufewa. Kuma sai ka biya kuɗin yake fara aiki, alkawarin baki ba ya rufe kowa.

Har zuwa lokacin da takardar za ta zo hannunka, ka tashi kai kaɗai, kana rubuta kowane tashi a littafi, don shi dillalin zai fara nema. Kar ka goya kowa tukuna, ko ɗan uwanka ne, ko kyauta ne.